Ruwan Rijiyar Kaka

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba, da fatan Munira da jaririnta suna lafiya. Ni ma lafiya lau nake a nan Hangari. Na ɗan rame, abincinsu ne bai karɓe ni ba tukuna.

Inna, kin tuna ruwan rijiyar Kaka da kika ɗura mini a gora ranar tafiya, don in riƙa gaurayawa da na nan kada cikina ya ɓaci? Ban sha ba, ɗakin gwaje-gwaje na kai shi. Daga baya Yaya Misbahu ya aiko mini da ƙari. Sakamakon ya fito a wata mujallar kimiyya da kowa ke karantawa kyauta a waya. Gara ki ji daga bakina kafin 'yan Dutse su kawo miki labari.

Takin zamani ya gurɓata rijiyar. Kada a ba jaririn ruwanta, ko an tafasa. A ɗebo masa na burtsatse.

Sauran ruwan yana nan cikin gorar, na kasa zubarwa.

Allah Ya ƙara girma.

'Yarki,
Adawiyya