Awa Goma Sha Uku Ba Tasha

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya ciwon gwiwar nan taki? Ina fata kina shan maganin a kan lokaci. Na sauka lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Kin san shekara huɗu ina fushi da Auta saboda ba ta zuwa ganinmu. Duk sanda ta ce da nisa, sai in ce awa goma sha uku ce kawai, ni da na yi shekara talatin ina kwana a kan sitiyarin babbar mota. To, ki rufa mini asiri, na janye maganata.

Kilomita dubu goma sha ɗaya ne a jirgin sama, babu tasha ko ɗaya. A gaban kujerata akwai ɗan allo mai nuna jirginmu a kan taswira. Na zuba masa ido awa biyu, bai matsa ko faɗin yatsa ba, kuma ƙarƙashinmu ruwa ne zalla. Na kira ma'aikaciyar jirgin na gaya mata a asirce cewa injin ya rage gudu, a duba. Ta yi murmushi ta kawo mini shayi.

Can na waiga na ga duk fasinjoji sun yi barci. Kowane direba ya san barcin fasinja yana kama mai tuƙi, don haka na zauna ido biyu ina tari da ƙarfi lokaci-lokaci, don direban ya san akwai mai taya shi. Na aika masa da saƙo ya samu wuri ya ɗan huta. Aka dawo mini da amsa wai su uku ne, kuma babbarsu mace ce, ta gode.

Da muka sauka na tarar da Auta a bakin ƙofa, riƙe da jikarmu. Jawabin faɗan da na shirya tun daga gida ya gudu. Ta rame kaɗan, tana ta kuka, ni kuma na ce sanyin jirgi ne ya sa idona ruwa. Ashe rashin lafiya ta yi, sau biyu tana shirin tahowa gida likita yana hana ta, ta ɓoye mana don kada hankalinmu ya tashi. Yanzu ta warke sarai.

Jiya na tambayi surukinmu ko akwai hanyar mota zuwa gida. Ya buɗe taswira, muka duba tare har shayinmu ya huce. Babu. Saboda haka ki daina share ɗakina tukuna, sai zuciyata ta dawo wurinta.

Ki gaishe da maƙwabta, amma ban da labarin tarin.

Naki har kullum,
Sarkin Hanya