Fankar da Manaja Ya Kashe

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

Ni lafiya lau, sai ɗan tari. Kada ki gaya mata.

Matatar ruwan ƙazanta da nake aiki ta samu takardar shaidar kare muhalli. Don a rage cin wuta, manaja ya kashe fankar da ke fitar da iskar ɗakin injin, inda nake wuni. Wata uku ke nan. Ranar da masu duba suka zo, an jera furanni a ƙofa, mu kuwa aka ce mu laɓe bayan tanki, wai muna wari.

Takardar na can rataye a ofishinsa mai sanyi.

Autanmu na ta naci in nema masa gurbin aiki a nan. Ki ce masa babu.

Allah Ya sada mu.

Ƙanenki