Tsatsa Ta Ci Motar Baba

Daren Laraba, Gwange

Tun rasuwar Baba, Inna ba ta fashin zama a kujerar gaban motarsa bayan la'asar, tana jan carbi. Motar tsohuwa ce ƙirar Japan, ya saye ta tun ba a haife ni ba. Da ambaliya ta ci unguwarmu, kwana biyar ta yi cikin ruwa. Na wanke ta, na ɗauka shi ke nan, ashe tsatsa tana cin ta ta ƙasa.

Jiya Inna ta sa ƙafa za ta shiga, ƙarfen ya burma ya yanke ta. Sai da aka yi mata ɗinki.

Da safe Modu mai walda ya leƙa ƙarƙashin motar, ya girgiza kai, ya dube ni. "Hajiya, babu sauran ƙarfen da wuta za ta kama." Yana tafiya na kulle motar.

La'asar na yi, Inna ta ɗingiso ta ja ƙofa.

"Falmata, wa ya rufe?"

Na ce makullin ya ɓata.

"To, ki nema gobe, 'yata."

Ta daɗe tsaye, dafe da gilashin. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai yau. Allah Ya yafe mini.