Marubucin Amurka da Saƙonnin Ja'afaru

Al-Khalidiyya, Madina

Ƙanwata Ƙaltume,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna? Mu lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Kin tuna littafin marubucin nan na Amurka da aka fassara da Larabci, wanda na karanta har bangonsa ya fita? Ranar Alhamis mun je shan gahawa gidan Sundus, 'yar gwaggon mijina Mu'azzam. Sai ta fito da wani wasa a wayarta, wai a canki halin marubucin daga rubutunsa. Kowa ya juyo kaina, tunda ni matan unguwa suke kawo wa saƙonnin samarin 'ya'yansu in faɗi halin yaro. Na gyara zama na ce mutum ne mai kunya da tausayi, irin wanda zai riƙe wa matarsa takalmi a ƙofar Harami. Har na ce halinsu ɗaya da Mu'azzam.

Sundus ta buɗe tarihinsa ta karanto da ƙarfi. Mashayi ne, Ƙaltume. Matarsa tana kwance asibiti ya tafi shaƙatawa da wata, kuma har ya mutu bai yi wa 'yarsa magana ba. Mutumin da ya sa ni kuka a kan matashi! Aka yi ta dariya har gahawa ta zube. Yanzu direbobin bas na tashar Bi'ir Ali, abokan aikin Mu'azzam, Ba'amurke suke kiransa, shi kuma sai murmushi yake, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ki gaida su Inna.

Yayarki,
Lubna

Ƙaltume,

Ina gaisuwa, ya mutanen gida? Amsarki ta iso, kuma ban ji daɗinta ba.

Wa ya ce ki faɗa wa Baba na yaba da Ja'afaru, har a sa ranar aurenku a kan maganata? Ni ban taɓa ganinsa ba. Saƙonninsa kawai kika turo min, na karanta na ce mai haƙuri ne. Jiya na sake duba su, wallahi daɗin bakinsu ɗaya da na mashayin nan. Mu'azzam kuwa tunda muke, saƙonsa bai wuce tambayar ko ana buƙatar burodi ba, kuma shi ne mai riƙe takalmin.

Ban ce Ja'afaru mugu ba ne. Cewa na yi ban sani ba. A dakata, Baba ya tura a tambayi maƙwabtansa, a ga yadda yake da mahaifiyarsa. Ki yi fushi da ni, na yarda.

Littafin na tokare ƙafar firij da shi. Babin ƙarshe kaɗai na cire na ajiye.

Yayarki mai ƙaunarki,
Lubna