Na karya ƙotar Baba

Kawu Sale,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Inna Rabi da yara? Ya ƙafar taka?

Kawu, da kunya nake rubuto maka. Ƙotar fartanyar marigayi Baba da ka aiko in yi wa murfin akushinsa ƙololuwa, na karya ta. Malam Ilu, mai koya mini injin sassaƙa a Gyadi-Gyadi, ya ce in ƙara gwaji da icen banza tukuna. Yana fita na ɗaura ta a inji, ina ta sirantar da wuyan don in burge shi. Sai ji na yi ƙas!

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Guntayen ya tsince, ya miƙo mini.

Na kasa gaya wa Umma. Kullum sai ta goge murfin, tana jira.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ɗanka,
Nasiru