Kayan Jeren Nazifa

Gulma,
watan Safar.

Zuwa ga ƙanwata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da yara. Yaya jikin maigidanki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Takarda kike gani saboda wayata ta bi ruwa, kuma ba na iya faɗin abin da ke raina a wayar maƙwabta mutane na tsaye a kaina. Kin dai ji labarin ambaliya. Shinkafar Malam ta kusa yanka ruwa ya haye ta, ko dami guda ba mu ɗauka ba. Ɗakin da nake tara kayan auren Nazifa shi ma ya faɗi. Katifa, labule, kwanonin da na yi shekaru ina saye ɗaya-ɗaya, wasu ruwa ya ja, wasu munka tono su cikin laka sun lotse. Alhamdu lillahi babu ran da ya salwanta a gidanmu.

Biki kuwa ba a ɗaga ba. Yaron, Muhyiddeen, wanda sunka haɗu tana karatu a Argungu, ya zo jaje har gida, ya ce kada mu damu da kayan ɗaki. Yaron kirki ne. Amma gidansu a Gesse yake cikin Birnin Kebbi, masu hali ne, kuma ni ba zan yarda a kai ɗiyata hannu rabbana ba.

Sai na koma ga abin da mahaifiyarmu ta koya mana, Allah ya jiƙanta. Malam ya yanko mani kaba, na rina ta ja da kore, ina saƙa fayafai da tabarma. Tsofaffin buhunan shinkafa nake warwarewa in sami zaren ado. Tela ya tara mani ƙyallayen atamfa, na harhaɗa su sun zama labule, wallahi in kin gani sai ki ce saye anka yi. Duman da ya hau rufin kicin ya tsira, na fafe ƙwarya manya da ƙanana, ina zana su da wuƙa mai zafi. Nazifa ta ce in zana mata kifi a jikin babbar, wai don ta riƙa tuna gida. Tare muke zama, ita tana tsaga kaba tana yi mani dariya wai na zama kamfani.

Matan biki kuma mafici nake yi masu, kowace ta tafi da ɗaya. Yatsuna duk sun tsage, amma raina fari ne.

Na san jinya ba za ta bar ki ki zo ba. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki,
Laure.

Gulma,
watan Sha'aban.

Ummu Hani ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar mai jiki da yara. Turaren da kika aiko ya iso, Allah ya bar zumunci.

An yi biki lafiya. Mafici ya yi farin jini, har wasu mata sunka so yin rigima a kansa. Kayan ɗakin na shirya su cikin babban buhu na ba Aminatu ƙanwar Malam, ita ta jagoranci masu jere. Da sunka dawo na tare ta da tambaya, ta ce komai ya yi, ta shige ɗaki ta kwanta. Na ce gajiyar mota ce.

Gidan ya yi mani faɗi, Ummu. Nakan zuba tuwo in zuba har da nata, sai na ajiye kwanon nake tunawa. Abin da ke sanyaya mani rai shi ne in na tuna duk safiya in ta buɗe ido labulen nan za ta fara gani, ta san hannuna na kusa da ita.

Ki gaida kowa.

Yayarki,
Laure.

Gulma,
watan Zulƙida.

Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya lau, sai dai abin da zan gaya maki, wanda ko Malam bai ji ba.

Nazifa na da ciki. Laulayi ya kwantar da ita, Muhyiddeen ya turo mota anka kai ni in duba ta. Shi ne zuwana na fari gidanta. Sun karɓe ni da mutunci, surukarta har ƙofa ta taryo ni.

Na shiga ɗakin ina neman labulena da ido. Wani labule ne a wurin, mai nauyi mai sheƙi. Kujeru, kabet cike da tangaran, komai sabo. Na duba bango, babu faifai ko ɗaya. Na ce a raina wataƙila suna uwar ɗaka. Can ma babu.

Da la'asar na zagaya bayan gida in yi alwala. Nan na ga buhun, jingine da tankin ruwa. Ɗaurin da na yi masa da hannuna yana nan yadda yake, ba a taɓa kwance shi ba. Ruwan sama ya dake shi, gara ta shiga ta ƙasa. Na kwance. Fayafan sun yi baƙi, launin ya zube cikin labulen, tabarmar kuwa ina ɗagawa ta rabu biyu. Babbar ƙwaryar ta tsage.

Ina tsugune Nazifa ta fito tana dafa bango. Da ta gan ni sai ta durƙusa. Ni har na fara ba ta haƙuri, ina cewa na san ba laifinta ba ne, gidan mutane ne, ba ta da ta cewa. Sai ta ce, “Inna, ba su hana ba. Ni na ce da Gwaggo Aminatu kada a kwance.” Ta ce ranar jere sun tarar dangin miji sun cika ɗakin da sabbin kaya, ƙawayenta na makaranta na ta yabawa, sai ta ji ba za ta iya ba. Daga baya kuma kullum takan ce gobe za ta ɗauko, kunya ta hana ta ko duban wajen.

Ummu, da surukarta ce ta yi, da na san inda zan ajiye abin. Na ɗaga ta, na share mata hawaye, na ce ta bar kuka saboda abin da ke cikinta. Na dama mata kunun tsamiya, ta sha. Na yi kwanakina ina yi mata hira. Ranar da zan taho na roƙi direba ya fitar da buhun ba tare da kowa ya gani ba, munka bar shi a bola kafin mu fita gari.

Ba fushi nake da ita ba. Yarinya ce, kuma ni ma na ga ɗakin, na san kayana ba za su zauna a cikinsa ba. Amma zuciyata ta ƙi jin wannan bayanin. Da Malam ya tambaye ni ɗaki, na ce ya yi kyau. Ya yi murna ƙwarai, ya ce ai ya san aikin hannuna.

Jiya sai ga shi da ƙunshin sabuwar kaba, wai in fara maficin suna tun da wuri. Tana nan a bakin ƙofa inda ya ajiye ta. Na wuce ta ya fi a ƙirga, na kasa taɓawa. Ki rubuto ki gaya mani abin da zan ce masa.

Ki gaida mai jiki.

Yayarki,
Laure.