Na Ga Dariyar Kawu Bagudu

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta ishe ki ba. Ko da kina raye ma ba ke za ki karanta ba, ni ce zan zauna gefen tabarmarki in karanta miki, kina katse ni kina gyara mini zance. Amma abin da ke cikina ya yi mini yawa, kuma ke ya fi shafa.

Mutanen gida lafiya lau. Ruwa ya cika bana har ya taɓa gindin mangwaron bayan gida, amma bai yi ɓarna ba. Albasa ta yi kyau. Kifi ne ya ja baya, sai masunta sun yi nisa cikin tafki kafin su samo ƙarfasa ta kirki. Murhun bandarki yana nan, matar ɗanki Sani ke aiki da shi. Kifinta bai kai naki ƙamshi ba, ita ma ta sani, da bakinta take faɗa. Ni kuwa tun da na aje alli na bar makaranta, gwiwa ce kawai ke damuna.

Inna, na ga majigin nan naki.

Jikarki Hadiza, wadda ke koyar da tarihi a kwaleji, ita ce ta zo hutu da kwamfutarta. Ashe tsoffin finafinan da Turawa suka ɗauka lokacin yaƙe-yaƙensu ba su ɓata ba. Sun adana su, yanzu sun zuba su a intanet, kowa na iya kallo. Muka yi ta buɗewa ni da ita. Na yaƙin farko ba su da murya, mutane na tafiya da sauri-sauri kamar ƙasa na ƙona musu ƙafa, ga dawaki, ga ramuka cike da laka. Na yaƙi na biyu kuwa da kaɗe-kaɗen soja, da muryar wani mutum yana ta cika baki. Sai da idona ya gaji. Na gaya wa Hadiza abin da nake nema: kogi, jirgin ruwa, da wani bahago tsaye a bayan jirgi riƙe da gora. Ta ce mini finafinan suna da yawa ƙwarai, kada in sa rai. Wata Laraba bayan la'asar sai ga shi.

Bari in fara maimaita miki labarin yadda kika ba ni shi, ki ji ko na riƙe daidai.

Kin ce kina budurwa lokacin, kuna zaune a gungunku na tsakiyar kogi, tun kafin a yi dam ruwa ya haɗiye shi. Mahaifinku ya rasu, wanki Bagudu ke riƙe da gida. Aka ce kowane gari ya ba da samari don yaƙin Bama, aka tafi da shi. Shiru, ba wasiƙa ba saƙo. Kaka, mahaifiyarku, wadda idanunta suka riga suka tafi, ta daina cin abincin kirki. Sai ta zauna bakin ruwa da safe, ta juya kunne wajen kowane jirgi da ya tsaya.

Ran nan kin kawo banda kasuwar Yelwa, aka yi shela cewa motar majigi ta zo. Kika tsaya wurin 'yan uwa don ki gani. Bayan magariba aka ɗaura farin ƙyalle a fili, aka ta da inji. Kin ce da jirgin sama ya taho a kan ƙyallen, rabin mutane sai da suka kwanta ƙasa. Mai fassara na riƙe da lasifika yana cewa sojojinmu suna cin shinkafa da nama kullum, samari su fito su shiga soja, manoma su ƙara noma gyaɗa. Can sai aka nuna baƙaƙen soja suna ƙetare wani kogi a jirgin ruwa. Ga ƙarar bindiga ta ko'ina, mai fassara na cewa abokan gaba ne ke ruwan wuta daga wancan hayi. A bayan jirgin akwai mutum tsaye. Yadda ya kafa ƙafa, yadda ya jefa gora da hannun hagu, ba ki buƙaci ganin fuska ba. Sai kuma ya waiwayo ya yi dariya. Kafin ki buɗe baki an wuce wurin.

Da gari ya waye kika je wurin motar. Ina yawan tuna wannan, Inna. Budurwa daga gungu, da ƙwaryar kifi a ka, ta tsaya gaban ma'aikatan gwamnati ta ce a sake nuna mata. Mai injin bai kore ki ba. Ya ce ba a nunawa da rana, kuma yau za su tashi, amma bayan 'yan kwanaki za su nuna a Wara. Kika koma gungu, kika shimfiɗa wa Kaka tabarma cikin jirgin mahaifinku, kika ɗauki fura da filafili, kika bi ruwa. Mutane suka ce me makauniya za ta gani a majigi? Ina kika samo wannan zuciya? Ni da na yi shekaru ina tsayawa gaban aji, har yau in zan shiga ofis sai na yi ta shirya maganata tun daga gida.

A Wara kika zaunar da Kaka gaba-gaba, kika durƙusa kusa da kunnenta. Mai fassara na nasa da lasifika, ke kina naki a hankali. Kika gaya mata ga jirgi ya fito, ga mutane zaune da kaya a ka, ga Bagudu tsaye a baya, shi aka ba tuƙi. Kaka ta ji ƙarar bindiga ta tsorata. Kika ce mata ta kwantar da hankalinta, ba a harbinsa, don kin san wanki, in yana cikin tsoro leɓensa yake cizawa, ga shi kuwa yana dariya har haƙora waje. Kin ce a hanyar komawa, kina fama da ruwa yana turo ku baya, tafin hannunki duk ya sale, Kaka ta ce a miƙo mata furar nan, ta shanye tas.

Kawu bai dawo ba. Bayan yaƙi wani tsohon soja daga wajen Shanga ya zo ya ce zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kuma 'yan uwansa Musulmi sun yi masa wanka da sallah. Wannan ne labarin, ko na bar wani abu?

To ga abin da na gani. Fim ɗin ya tsufa, yana ta yayyafi, fuskoki ba su fita sosai. Ban taɓa ganin Kawu ba, ko hotonsa ba mu da shi, don haka ba zan rantse ba. Amma komai yana nan bi da bi yadda kika faɗa. Jirgin, masu kaya a ka, bahagon a baya, waiwayen, dariyar. Na sa Hadiza ta tsayar da shi daidai nan. Na daɗe ina kallo. Tsayinsa irin na Sani ne, har yadda yake karkata kafaɗa.

Sannan Hadiza ta samo wani guntu da ba a taɓa kawo muku ba, ragowar da suka yanke suka aje. Babu murya, babu bindiga. Jirgin nan dai ya ƙetare, sai wani Bature ya shigo gefen hoto yana ɗaga hannu, jirgi ya koma baya, aka sake. Aka kuma sakewa. Wani soja ma hularsa ta faɗa ruwa, sauran na nuna shi da yatsa. A nan ne bahagon ya waiwayo ya yi dariya. Ashe shiri ne, Inna. An sa su su yi ta ƙetarewa don a ɗauka, ƙarar bindigar daga baya aka ɗora ta. Ba wanda ke harbinsu ranar. Abin da kika gaya wa Kaka gaskiya ne. Na san ke ba ki taɓa shakka ba, amma na so a ce kina nan ki ga hular nan tana bin ruwa. Na san irin dariyar da za ki yi, ki rufe baki da gefen mayafi.

Hadiza ta yi fushi da masu fim ɗin, ta ce yaudara ce aka shirya don a kwashi samarin mutane. Ba ta yi ƙarya ba. Amma ni na kasa tsayawa kan fushi kaɗai. Wanda ya riƙe na'urar nan bai san Bagudu ba, bai san yana da uwa a wani gungu ba, ba don mu ya ɗauka ba. Duk da haka shi ne ya bar mana shi tsaye da ƙafafunsa.

Na ga ɗaya abin kuma. Tsumman da aka naɗe masa a dantse, da yadda haƙarƙarinsa suka fito. Kin tuna sai da kika tsufa sannan kika gaya mini wannan? Kin ce shi kaɗai kika ɓoye wa Kaka. Ta dogara da idonki, ke kuwa kika tsallake mata ramar da ciwon. Kin ce kullum kina neman gafarar Allah a kai. A ciwonki na ƙarshe ma sai da kika sake tayar da zancen, ni kuwa na yi shiru ina gyara miki matashi.

Ga dalilin shiruna. Shekarar da aka tashe mu daga gungu aka kawo mu sababbin gidaje, ni ce ke riƙe hannun Kaka ina zagayawa da ita don ta san bango da ƙofa. Wata rana kin tafi kasuwa, muna zaune a inuwa, ta ba ni labarin tafiyarku Wara daga nata ɓangaren. Ta ce kina magana muryarki ba ta girgiza ba ko kaɗan, amma hannunki na kan gwiwarta. Ga abin da ta ce, ban manta ko kalma ɗaya ba:

"Da ta zo wani wuri sai ta matse mini gwiwa, ta yi shiru kaɗan, sannan ta ci gaba. Na san akwai abin da ta gani. Ban tambaya ba. Yarinya ta tuƙo ni tun daga gida don ta ba ni ɗana, in tsaya ina bincikar abin da ta ba ni?"

Sai ta ce in riƙe wannan amana, kada in gaya miki, don in kika ji za ki ɗauka wahalarki ta tashi a banza. Ina yarinya na ce to. Na girma, na yi aure, na haifi 'ya'ya, na ga kina ɗauke da abin nan, sau da yawa maganar ta zo mini har baki. Amma wadda ta ba ni amanar ta riga ta tafi, ba wanda zai sake ni. Ban sani ba ko na kyauta. Na dai san ku biyu kowa ta rufa wa 'yar uwarta, ni kuma aka bar ni a tsakiya ina kallon ikon Allah.

Yanzu kuna wuri ɗaya, ina ganin amanar ta sauka daga kaina. Ba ki cuce ta ba, Inna. Ta sani tun a filin nan, kuma da saninta ta sha furar.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Kaka, Ya kai haske kabarin Kawu can inda ba mu san hanya ba. In tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani. Ki huta lafiya.

Ni ce ɗiyarki,
Balkisu, daga Yelwa